Addu'ar Sabuwar Mota a Gidan Tsofaffin Motoci

Ɗanlami ne ya raba ni da Manchester, kuma da fara'a ya yi aikin, har da riƙe mini jaka zuwa tashar bas. A wurinsa nake haya a Longsight, wani ɗan ɗaki a saman shagon nama, inda ƙarnin kitse yake riga ƙararrawar waya tashina da safe. Na gama digiri na biyu a fannin injina, na ɗauki hoto da hular nan mai kusurwa huɗu, na aika Funtuwa aka sha guɗa. Abin da hoton bai nuna ba shi ne bizar da aka ba ni bayan karatu tana ta narkewa kamar sabulu a hannun mai wanki. In ban samu wurin aikin da zai tsaya mini a sabunta ta ba kafin ƙarshen sanyin shekarar, to sai gida. Na nemi aiki har na haddace yadda Turawa suke cewa a'a. Sukan fara da godiya, su yaba maka, sannan su yi maka fatan alheri a wani wurin.

Ɗanlami direban tasi ne, ɗan Kano, ya daɗe a ƙasar, kuma babu wanda bai sani ba in dai a bakinsa za ka ji. Wata Juma'a muna fitowa daga masallaci ya kama hannuna ya ja ni gefe.

"Injiniya, wahalarka ta ƙare. Kamfanin mota ne a Birmingham, irinku suke nema. Ka fara ta agency, 'yan haɗa mutum da aiki, in sun ga hannunka su yi maka sponsor na biza. Har accommodation na yi maka magana."

Na duba sunan kamfanin a waya, na ga an rubuta gidan tarihi. Da na nuna masa sai ya kwashe da dariya, ya ce wannan ai gaba ne, wurin da ake yi wa baƙi ado, masana'antar tana baya. Na yarda, domin a lokacin ko ce mini aka yi ana ƙera jirgi a bayan kasuwar Longsight zan je in leƙa. Sai daga baya na ji cewa ƙanin matarsa ne zai zo karatu, ɗakin ake so. Bas ɗinmu ba ta kai rabin hanya ba aka shimfiɗa wa yaron sabon zanin gado.

Na sauka Birmingham ana yayyafi, irin wanda ba ya jiƙa ka lokaci ɗaya, sai ya bi ka a hankali har ya gama da kai. Lambar mai masaukin da Ɗanlami ya ba ni ba ta shiga. Na kira Ɗanlamin kansa, wayar ta yi ta ringi har ta gaji. Wani mai shara a tashar ya ce in hau bas zuwa Handsworth, can ne baƙar fata suke da yawa, wataƙila in dace. Na je, na yi ta jan jaka a gaban dogayen layukan gidajen jan bulo masu kama ɗaya, duk ƙofar da aka manna takardar haya na ƙwanƙwasa. Wani ya leƙo ta taga ya girgiza kai tun ban buɗe baki ba. Wata ta tambaye ni takardar shaidar albashi, ni da ko ranar farko ban yi ba.

Da yamma na fake a wani shagon kayan abincin Afirka, na tsaya tsakanin buhunan gari da jarkokin manja, na danna wa Ɗanlami saƙon murya. Ban rage masa komai ba. Na taɓo shi, na taɓo tasinsa, ina shirin taɓo danginsa sai na ji Hausa a bayana.

"Kai ɗana, bakin nan naka da zafi. Wa ya taɓa ka haka?"

Wata dattijuwa ce gajera, da kwandon sayayya a hannu da ƙaramin gicciye a wuya. Mama Rifkatu ke nan, mutuniyar Zonkwa, tana aikin kula da tsofaffi a wani gida, mijinta ya rasu, ɗanta ya yi aure ya bar mata ɗaki babu kowa. Ta saurare ni har na gama, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce in ɗauki kwandonta in biyo ta. A hanya ta karanta mini dokokinta: ba sigari, ba kawo mata, in yi sallata yadda nake so amma kada in kuskura in jiƙa mata daɓen banɗaki da alwala, don ta taɓa zama da Bahaushe ta san halinmu. A ranar na ci tuwon masara da miyar kuka, ina ci ina sunkuyar da kai don kada ta ga idona.

Wurin aikin yana wata unguwa da masana'antu suka mutu suka bar gine-ginensu, kusa da wata tsohuwar hanyar ruwa. Na isa da wuri, kuma kafin in shiga sai da na zagaya bayan ginin da ƙafata, ina neman masana'antar Ɗanlami. Kwandunan shara na tarar da filin ajiye motocin ma'aikata. Kamfanin ya rufe tun kafin a haife ni. Da can keken doki suke ƙera wa masu hali, da inji ya zo suka cire dokin suka sa inji a gurbinsa, suka yi ta yin motoci har kasuwa ta juya musu baya. Abin da ya rage shi ne wannan zaure mai sanyi, kekunan doki a jere a hannun dama da fitilunsu na tagulla, motoci a hagu, kowacce an kewaye ta da jar igiya.

Shugabana sunansa Dennis, wani jibgegen Bature mai jan wuya. Ya yi aiki a wata masana'antar mota har aka rufe ta a kansa, kuma ina jin tun daga ranar yake neman wanda zai huce a kai. Na ce masa sunana Nafi'u, ya ce ba shi da lokacin wannan, Naf zai riƙa cewa. Ya miƙa mini koriyar riga mai tambari, safar hannu da wani buroshi mai laushi. Aikina shi ne in tsaya a bakin igiya in hana yara taɓa kaya, in an tashi kuma in kaɗe ƙura. Na gaya masa ni injiniya ne. Ya ce madalla, to buroshin ba zai ba ni wahala ba ke nan.

Dennis ba ya zagi, ya fi ƙarfin haka. Tambaya yake yi. Ko a garinmu akwai titi? Ko na taɓa ganin mota kafin in zo? In na shiga ɗakin ajiya zan yi azahar, tsakanin tsofaffin ƙafafun keken doki, sai in fito in same shi a ƙofa yana duba agogo, agogon kawai zai duba. A ɗakin cin abinci kuwa da na buɗe kwanona sai wani ya tashi ya buɗe taga, ko da ana zuba sanyi. Ina da zuciya, duk gidanmu an sani, amma na koyi haɗiye ta da ruwan shayi.

Abin da ya fi Dennis ci mini rai shi ne motocin kansu. Ni na tashi a inda mota take aiki har ta ce ta gaji, in ta ce ta gaji a ɗaura mata buhunan masara a ce ta ƙara ko zuwa Bakori ne. Ranar da ta mutu da gaske, injin ya koma injin niƙa, kujerar ta koma bencin mai shayi, tayar a yanka takalma. A nan kuwa ga motoci lafiyayyu an tsiyaye musu baƙin mai, an ɗaga su a kan ƙarfe don kada tayarsu ta taɓa ƙasa. Akwai wadda kujerarta ko lotsawa ba ta yi ba. Ina goge su ina jin tausayinsu, wallahi, har nakan kama kaina ina yi wa wata baƙa mai dogon hanci sannu.

Ashe ƙaryar Ɗanlami tana da 'yar wutsiyar gaskiya. A gefen ginin akwai ƙaramin gareji inda ake farfaɗo da tsofaffin motocin, kuma tsohon da ke riƙe da shi zai yi ritaya. Manajar gidan, wata siririyar mata mai suna Helen wadda ba ta taɓa ɗaga murya, ita ta gaya mini da kanta. Ta ce gurbin na dindindin ne, kuma suna da izinin tsaya wa baƙo a kan biza. Za a yanke shawara bayan bikin buɗe wata mota da ake gyarawa, in ina so in nema. Daga ranar na daina cin abinci a zaune. Duk hutun da na samu ina gareji, ina miƙa wa tsohon sifana, ina wanke kafireto, ina kwanciya a ƙarƙashin motar a kan siminti mai sanyi. Wata koriya ce marar rufi, daga farkon zamanin da suka bar doki, jikinta ma har lokacin na keken doki ne, sitiyari kawai aka dasa mata. Ranar da injinta ya yi tari ya kama, ni da tsohon muka dubi juna muka yi dariya kamar yara.

Ranar biki aka cika zauren. Manyan gari, masu ba gidan tallafi, mata da huluna, masu ɗaukar hoto. Babbar baƙuwa ita ce jikar wanda ya kafa kamfanin, tsohuwa tukuf a keken guragu, motar ma daga gidansu aka kawo ta. Ni an tsayar da ni a bakin igiya kamar kullum. Aka yaye ƙyallen, fentin ya ɗauki hasken fitila, aka tayar da injin na ɗan lokaci, ƙamshin fetur ya gauraye wurin. Ni na san wace ƙusa na ɗaure a cikin wannan ƙarar, kuma ƙirjina ya cika har na manta inda nake.

An ajiye keken tsohuwar dab da ni. Ta ɗago ta dube ni, ta tambayi daga ina na fito, na gaya mata. Sai ta ce, to a ƙasarku in mutum ya ga sabuwar mota irin wannan me yake cewa? Tun da na zo gidan babu wanda ya taɓa tambayata wani abu don yana son jin amsar. Na sunkuya na ce mata da Hausa, kamar yadda kowa zai ce:

"Allah ya sa a kashe lafiya."

Ta ce daɗin ji, me yake nufi? Na fara da fassara kalma bayan kalma, da niyyar in biyo da bayani.

"May Allah let us kill it safely."

Ban kai ga bayanin ba lasifika ta yi ƙara, aka kira sunanta, wani ya tura kekenta gaba, aka hau tafi. Ina jin ita ko jin abin da na ce ba ta yi sosai ba, don kunnenta ya yi nauyi. Da na miƙe na juya, Dennis yana tsaye a bayana, kuma wannan karon ba agogo yake kallo ba.

Washegari da safe ban kai ga sa koriyar rigar ba aka ce Helen tana kira. Ta ba ni kujera, ta tambayi ko ina son ruwa, sannan ta ce an kawo rahoto cewa a zauren da ke cike da manyan baƙi an ji na ambaci Allah da kisa a jumla ɗaya. Akwai ma wanda ya ce shi ba mota ya ji na ce a kashe ba, mutane ya ji. Da farko dariya ta taso mini, na ga fuskarta sai dariyar ta koma. Na shiga bayani. Na ce mu a harshenmu ana kashe riga, ana kashe takalmi, ana kashe fitila, ana kashe ƙishirwa, har aure ana kashewa. Ina cikin lissafin na lura kowane misali na kawo sai na sake furta kalmar kisan da Turanci, ita kuma tana rubutawa. Nan zuciyar da na daɗe ina dannewa ta ƙwace. Na ɗaga murya, na ce wata nawa ina goge musu gawarwakin motoci ba wanda ya ce sannu, yau don na yi wa mota addu'a za a mai da ni ɗan ta'adda. Ta jira na gama, ta rubuta wannan ma.

Ta ce an dakatar da ni. Kafin su miƙa maganar ga hukuma za a zauna a saurare ni, in zo da wanda ya san harshen, wanda kuma yake da matsayin da za a yarda da maganarsa. Na tambayi batun gurbin gareji, ta ce yanzu ba lokacinsa ba ne. Na fito na tsaya a bakin hanyar ruwan nan. Tsoro ne ya kama ni, tsoro na gaske, don na san in maganar ta fita daga ginin nan ba biza kaɗai zan rasa ba.

Mai matsayi ɗaya na sani a Birmingham, Dakta Kabiru, babban likita, shi ne kuma yake jagorantar 'yan arewa a garin in an yi suna ko rasuwa. Mahaifinsa da kawuna sun yi makaranta tare. Na hau jirgin ƙasa zuwa Edgbaston ranar Asabar, unguwar da bishiyoyi suka fi mutane yawa. Na same shi a ƙofar gida yana zagaya wata sabuwar mota baƙa, ko ledar kujera ba a gama cirewa ba. Bakina ya riga tunanina, na ce Allah ya sa a kashe lafiya. Ya ce amin, amin, na gode, ya shigar da ni kicin.

Da na ba shi labari ya yi dariya har da dafa tebur. Ya kira matarsa ya maimaita mata, ita ma ta dara. Yaransa suna falo suna faɗa da Turancin da ko rabinsa ba na kamawa. Na ji sanyi a raina, na ce to Dakta, alfarmar da nake nema ita ce ka zo ka faɗa musu abin da ka sani. Dariyar ta ɗauke. Ya juya cokali a kofi ya daɗe yana juyawa.

"Nafi'u, kai yaro ne, ba ka san ƙasar nan ba. Sunana ba zai shiga file ɗin da ke da Allah da kill a layi ɗaya ba. Ina da registration na aikin likita, ina da yara a school. Ka je ka yi apologise kawai."

Na ce haƙurin me zan bayar, alhali shi ma yanzun nan ya amsa mini da amin? Ya ce wannan tsakaninmu ne. Ya ƙara da cewa irinmu ne muke zuwa ba mu iya bakinmu ba, mu jawo wa waɗanda suka yi shekaru suna gina mutunci. Na tashi na bar masa shayinsa ko kurɓa ban yi ba. A tasha na sake gwada Ɗanlami, wannan karon ya ɗauka. Ya saurara, ya yi salati, sannan ya ce don Allah in an tambaye ni wanda ya haɗa ni da aikin kada in ambaci sunansa.

Ban gaya wa Mama Rifkatu ba, kunya nake ji. Ita ta lura da kanta cewa rana tana yi mini a gida, kuma kwanon abincina yana komawa kicin yadda ya fito. Ta tsare ni a matakala ta ce in faɗa mata ko ta kira Inna a Funtuwa ta tambaye ta. Na faɗa. Ba ta yi dariya ba. Ta tambayi ranar zaman, ta ɗauki waya ta roƙi wata abokiyar aikinta su yi musayar aiki. Na ce Mama, mai matsayi suka ce. Ta ce in rufe mata baki.

Ta sa zanen zumuntar matan cocinsu, ta ɗaura ɗankwali ya tsaya cak, muka hau bas. A ɗakin akwai Helen, da wani mai furfura daga kwamitin amintattun gidan, da Dennis a can ƙarshen tebur ya harɗe hannu. Mama ta yi magana da Turancinta na wadda ta shekara da shekaru tana lallashin tsofaffin Turawa su sha magani. Ta ce ita Kirista ce, mijinta dattijon coci ne har ya rasu, kuma duk Lahadi da sunan Allah take addu'a, don a Littafinta Mai Tsarki na Hausa sunan ke nan. Ta ce kalmomin nan da aka dakatar da ni a kansu ta faɗa wa ɗanta su ranar da ya sayi mota, tana faɗa wa jikokinta duk Kirsimeti in sun sa sabon kaya. Ma'anarsu ita ce abin ya tsufa ya ƙare a hannunka kana raye kana lafiya, kai ka ga bayansa, ba shi ya ga bayanka ba. Wanda ya taɓa ganin abin da mota take yi wa mutane a hanya, in ji ta, ya san dalilin da ya sa ake wannan roƙo.

Mai furfurar ya tambaye ta ko gaskiya ne a gidanta nake haya, wato tana da amfani in na ci gaba da aiki. Ta dube shi irin kallon da take yi mini in na jiƙa banɗaki, ta ce ɗakinta ba zai kwana biyu babu mai so ba, yaron ne ba shi da wani wurin. Dennis ya ce shi abin da ya ji ya faɗa, kuma ko gobe ya ji zai faɗa. Suka ce mu jira a waje.

Ba a kai maganar gaba ba. Ba kuma wanda ya ba ni haƙuri. Helen ta ce zan iya komawa bakin igiyata, sannan ta riƙe ni da wata magana, idonta yana ƙyalli. Ta ce bayanin Mama ya taɓa ta ƙwarai, ba ta taɓa jin addu'a mai kyau irin wannan ba. Suna da shirin sa muryoyin al'ummomin garin a cikin zauren, ko zan yarda a ɗauki muryata ina faɗin ta da Hausa, a sa a wani maɓalli kusa da koriyar motar, baƙi su riƙa dannawa? Na tambayi gurbin gareji. Ta ce suna kan dubawa, kuma irin wannan haɗin kai abu ne da ake lura da shi.

Na yarda. Aka shigar da ni wani ɗan ɗaki, aka sa mini abin magana a gaba. Na faɗa, mai ɗaukar ya ce in sake, babu rai a ciki. Na sake, ya ce in yi murmushi, wai ana jin murmushi a murya. Na yi ta yi wa bango murmushi ina addu'a har ya ɗaga mini babban yatsa.

Bayan 'yan kwanaki Helen ta sake kirana, ta sake tambaya ko ina son ruwa. Ta ce an yi ganawa da masu neman gurbin a lokacin da nake dakace, ba su iya jira ba, an ba wani wanda ba ya bukatar biza. Ta ce ko da ma an jira, kwamiti yana ganin maganar da ta faru, duk da an rufe ta, za ta sa neman bizar ya yi wuya. Ta gode mini, ta yaba mini, ta yi mini fatan alheri. Na ce to ku ba ni muryata. Ta yi kamar ba ta gane ba. Na ce muryar da kuka ɗauka, ku cire ta, ban yarda ba kuma. Ta ce ai na riga na amince, an ma kafa maɓallin, kuma baƙi suna son sa sosai.

Na ajiye musu rigarsu da buroshinsu a kan teburinta. Dennis yana bakin ƙofa, ya miƙo hannu, wai kada in riƙe shi a zuciya. Na gaya masa wata magana da Hausa, mai tsawo, har da ta Ɗanlami da ta Dakta na haɗa masa duka. Bai nemi fassara ba.

Na dawo gida kafin sanyin ya ƙare. Mama Rifkatu ta raka ni har tasha, ta cusa mini ƙullin dambun nama a aljihu, ta ce kada in kuskura in yi kuka a gaban Turawa. Yanzu ina kula da injina a wani kamfanin gurzar auduga a nan Funtuwa, ana ce mini Injiniya, masu tsokana kuma su ce ɗan Ingila. Ba na ba da labarin gidan tarihin. Ko Inna abin da ta sani shi ne aiki ya ƙare, biza ta ƙare.

Kwanakin baya da hantsi ina zaune a tsakar gida, Inna tana tsince shinkafa a faifai, saƙon Mama ya shigo. Ta ce an yi hutun makaranta ta kai jikokinta wurin, ga abin da ta ɗauko mini. Na danna ban rage ƙarar wayar ba. Sai ga hayaniyar zauren nan, takun yara a kan daɓe, muryar Dennis daga nesa yana hana wani gudu. Sannan muryata ta fito, tas, cike da murna, kamar ta mutumin da bai taɓa sanin ɓacin rai ba, tana cewa Allah ya sa a kashe lafiya. Yaran suka yi dariya suka sake dannawa, ta sake faɗa.

Inna ba ta ɗago daga faifan ba.

"Amin, amin," ta ce. "Wa ya yi sabuwar mota?"

"Wasu ne, Inna. A can."

"To madalla. Sun kuwa amsa maka?"